MAGARYA MAI AURE A TSAKAR GIDA

Yau zancen itace na kawo muku, kuma na san tun kafin a je ko'ina wata ta taɓe baki ta ce ina ruwan mace da dashen bishiya, ai wannan aikin maza ne. To ki ɗan yi haƙuri ki karanta, domin tsakar gidan nan dai ke kike wuni a cikinta, ke kike share ta safe da yamma, kuma 'ya'yanki ne suke yawo a cikinta ba takalmi.

Abin da ya jawo maganar shi ne wani yayi da ya shigo mana nan Gaya ta cikin waya. Sai ki je gidan suna ko biki, wata ta miƙo miki hoton wasu 'ya'yan itace baƙaƙe wuluk, cure-cure suna sheƙi, ta ce wai sunansu bilakberi, wato abin nan da aka ara sunansa aka sa wa wayar BlackBerry da aka yi yayi a da. Wai kuma an samo irin da ba shi da ƙaya ko ɗaya, yara ma za su iya tsinka da hannunsu. Daga nan sai a tasa maigida a gaba, in zai shiga Kano ya biya wajen masu sayar da dashe a bakin titi ya sayo. Gida uku na sani da aka yi haka, kuma duk ukun ganye suka gani, ganyen ma da zafin watan Afrilu ya zo sai ya ƙone ƙurmus.

Laifin ba na hannun matan ba ne. Shi wannan tsiro ɗan ƙasar sanyi ne, yawancin ire-irensa sai sun kwana cikin sanyin da bai kai digiri 7 ba na awoyi ɗaruruwa kafin su farka su yi fure. Mu kuwa hunturunmu, duk da kukan da muke yi da shi muna ƙin wanka, da wuya ya sauka can, in ma ya sauka na dare ɗaya ne ko biyu. Ko sitiroberin da kike gani ana talla a Kano ai daga Jos ake kawo shi. Wani lokacin kuma abin da za a sayar miki da sunan bilakberi malberi ne, shi bishiya ce sosai, ba ta da ƙaya, tana kamawa a wajenmu ko da reshe aka kafa. In ita kika samu ba ki yi asara ba, sai dai ki shirya wa wankin rigunan yara, don jininta ba ya fita da daɗi.

Amma akwai abu ɗaya a labarin bilakberin nan da ya tsaya mini a rai. A shekarun 1920 aka tsinci wani iri marar ƙaya a jihar Oregon ta Amurka, manoma suka yi ta murna suna yaɗa shi. Ashe rashin ƙayar a fatar waje kawai yake, cikin jikinsa na nan da halinsa na gado. Duk tohon da ya fito daga saiwa sai ya fito da ƙayarsa cif, in aka bar shi ya mamaye gonar. Sai daga baya masu bincike, irin na jami'ar Arkansas, suka fitar da waɗanda rashin ƙayar ya ratsa su har ciki, kamar wanda suka sa wa suna Navaho a ƙarshen shekarun 1980. Da na ji wannan sai na yi dariya, don kuwa labarin bishiyar da ke ƙofar ɗakina ke nan, ba ragi ba ƙari.

Magarya nake nufi. Wace ce a cikinmu ba ta san ta ba? Duk wadda ta tashi tsakanin Gaya da Ajingi, ko ta taɓa bin hanyar Kademi ko Toranke da kaka, ta ga ta a bakin gonaki ta yi cunkus. Muna yara in sanyi ya shigo mukan bi ta da kara muna kaɗowa, mu cika bakin zane da 'yan ƙananan 'ya'yanta ja-ja, ƙwallo ya fi tsoka yawa, mu dawo gida hannu duk zane-zanen jini. Ƙayarta bibbiyu take fitowa, ɗaya a miƙe ɗaya a lanƙwashe kamar ƙugiya, in ta farko ta ƙyale ki ta biyu sai ta riƙe miki mayafi. Shi ya sa manoma suke shinge da ita, shi ya sa kuma ba wanda yake son ta a cikin gida. Mutanen Nijar kan shanya 'ya'yan su daka su yi wani abu kamar ƙuli mai zaƙi da suke kira akuri. Awaki kuma ba su da abin so kamar ganyenta.

To ita wannan magaryar tamu tana da 'yan uwa a Indiya, inda aka daɗe ana zaɓen masu kyau ana renonsu har suka zama wani abu daban. Akwai wadda suke kira Gola, mai zagaye mai saurin nuna, akwai Umran mai ɗan tsawo da ke zuwa a makare, akwai Seb. Ɗa ɗaya yakan kai girman ƙwan kaza ko kusa da haka, ya ninka na dajinmu wajen sau goma, in kika gatsa ya ce ƙaras kamar tuffa, kuma wajen bitamin C ya fi tuffar nesa ba kusa ba. A farkon shekarun 2000 wani farfesa mai suna Dov Pasternak, a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kudu da Yamai, ya dage wajen yaɗa ta, ana kiranta da Faransanci da sunan da ke nufin tuffar Sahel. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙungiyoyin mata aka fi bai wa. Akan ba su fako, ƙasar da maza suka raina suka bari, su haƙa ramuka masu siffar rabin wata don tare ruwan sama, su dasa magaryar da zogale, su shuka kuɓewa a tsakani.

Yadda ake yi kuwa shi ne aure, irin wanda kika sani a mangwaro. A shuka ƙwallon magaryar daji, in ta tasa a ɗauko idon ta Indiya a manna mata. Sama baƙuwa, ƙasa 'yar gida.

Tawa ƙanin maigida ne ya zo da ita daga Maraɗi, da yake yana fatauci can, guda biyu a cikin leda kamar ba za su yi rai ba. Ranar da na sa yara haƙa rami sai ga surukata ta fito daga ɗakinta da carbi a hannu.

"Ke 'yar nan, me ake binnewa a nan?"

Na durƙusa na ce, "Inna, magarya ce za a dasa."

Ta yi shiru tana kallona, sannan ta ce, "Magarya? A tsakar gida? Duk itacen duniya ki rasa wanda za ki kawo mana sai na wankan gawa? Ko kin gaji da ni ne?"

Na ce, "Haba Inna, Allah ya bar mana ke. Wannan ba irin ta daji ba ce, mai aure ce, ƙayarta kaɗan ce."

"Magaryar da ba ƙaya sai a Aljanna," in ji ta, ta juya ta shige.

Kuma fa gaskiyarta. Malamarmu ta Islamiyya ta taɓa karanta mana a Suratul Waƙi'a, aya ta 28, inda aka lissafa magarya marar ƙaya cikin ni'imomin mutanen dama. Wankan gawar ma da Inna take gudu ai daraja ce, don ya zo a Buhari da Muslim cewa da ruwa da magarya Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a wanke 'yarsa. Da wannan maigida ya lallashe ta da daddare, ta ce to a dasa, amma ranar da ƙaya ta soki jikanta ita da kanta za ta sa gatari.

Don haka kada wani mai sayar da dashe ya rantse miki cewa tasa ba ta da ƙaya sam. Tana da ita, sai dai ƙanana ne kuma jefi-jefi, musamman a rassan da ke ɗaukar 'ya'ya, har yarinya 'yar shekara bakwai takan tsinka ba ta yi kuka ba. Ganyenta ya fi na daji faɗi da sheƙi. In za ki saya, ki duba gindin dashen da kyau, wajen taƙi ɗaya daga ƙasa za ki ga ɗan kumburi ko ɗan karkacewa, nan ne gaɓar auren. Dashen da ba shi da wannan tabo, ko an rantse miki da me, ki ajiye masa kayansa.

Dasawa ba wuya. Ki bari sai damina ta zauna, ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Ki zaɓi inda rana take wuni, ki ja baya da ita taku biyar ko shida daga bangon ɗaki da rijiya, don tana buɗewa sosai. Rami kamu ɗaya da rabi, zurfi da faɗi, a cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen takin awaki da ɗan toka saboda gara. A yanke ledar da reza a hankali kada ƙasar ta warwatse, don saiwarta ba ta son a taɓa ta. Gaɓar auren kuma ta tsaya a sama, kada ƙasa ta rufe ta ko kusa. Sai a kewaye ta da tsohon kwando ko waya, in ba haka ba akuya za ta gama da ita kafin ki idar da sallar la'asar. Ranin farko ne kawai take da nema, bokiti ɗaya duk bayan kwana biyu ko uku. Ni ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka nake tara mata, ban da mai omo da yawa, ban taɓa sayen jarka ɗaya wajen 'yan garuwa dominta ba.

Yanzu ga inda aikin yake, kuma saboda shi na ɗauki biro. Ita uwar da ke ƙasa ba ta mutu ba, ba ta kuma manta ita wace ce ba. Kullum neman hanya take ta fito da nata 'ya'yan. Sai ki ga wani toho ya ɓullo daga gindi, ƙasa da gaɓar auren, ko ma daga cikin ƙasa can gefe, kore shar, ya fi na sama ƙarfi da saurin girma, har ki ji daɗi ki ce bishiyata ta yi ƙiba. To wannan shi ne ɓarawon. Ki duba ganyensa ƙanana ne, ki shafa shi ki ji ƙugiya. Duk abincin da saiwa ta jawo shi yake fara sha, baƙuwar da ke sama ta yi ta ramewa har ta bushe. Tun yana ɗan tsiro ake murje shi da yatsa, in ya yi ƙwari a sa wuƙa mai kaifi a yanke shi daf da jiki, kada a bar masa kututture, don ta nan zai dawo su uku. Da damina duk sati nake dubawa, ranar Juma'a in na gama shara, kuma da wuya in tashi hannu wofi.

Ɗaya dashen da aka kawo 'yar ƙanwata na ba, wadda take aure a wani ƙauye ta wajen Ajingi. Ta kama mata fiye da tawa ma, don ƙasarsu ta fi tamu danshi. Sai ga ciki, aka ɗauke ta goyon ciki tun yana wata bakwai, ta haihu, ta yi wanka, ba ta koma ba sai da damina ta fita. Mijin yana ba ta ruwa tsakaninsa da Allah, amma ba wanda ya gaya masa zancen toho. Da ta dawo ta tarar da bishiya ta fi ta tsawo, ta yi murna. Da sanyi ya zo kuwa sai ga 'yan ƙananan 'ya'ya irin na bakin hanya, ga ƙaya har ƙofar madafa. Ta aiko mini wai an cuce mu, ta daji aka sayar mana. Da na je na buɗa cikin ƙayar da sanda, sai ga reshen auren can a tsakiya ya bushe kamar tsinke, da ɗan zaren ledarsa a jiki.

Wata za ta ce to me ya kai mu wannan wahala, a shuka ƙwallon mai daɗin mana a huta da uwar ƙaya. An gwada. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a nan kam yana yi, don abin da zai fito daga ƙwallon ba lallai ya gaji uwarsa ba, yawanci baya yake komawa. Ban da haka ma, ita saiwar dajin ce take nutsawa can ƙasa ta nemo ruwa a watan Maris, lokacin da gwanda ta langwaɓe, lemo ya zubar da ganye. Ba don ita ba, baƙuwar ba za ta ga damina biyu a Gaya ba. Ba a raba su, ba a kuma sakar wa ta ƙasa fuska. Na san masu karatu, yanzu wata za ta ce habaici nake yi da zaman gidan miji. Wallahi zancen itace nake, kowa ta ji da abin da ke ranta.

Abu na biyu shi ne aski, kuma shi ya fi ba mutane tsoro. Magarya a sabon reshe take haihuwa, tsohon da ya yi 'ya'ya bara ba shi da sauran amfani sai inuwa. Saboda haka in an gama cin 'ya'ya sai a janye mata ruwa, ta zubar da ganye ta yi barcinta cikin zafin bazara. Wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu sai a sa zarto ko adda mai kaifi a datse rassan, a bar manya uku ko huɗu da suka buɗe kamar yatsun hannu, kowanne a rage masa 'yan idanu. Shekarar farko da aka yi wa tawa, maigida ya dawo daga kasuwar Wudil ranar Juma'a ya tarar da kututture, ya tsaya da buhu a kafaɗa ya ce, "Ke kuwa lafiya? Shekara biyu kina wahala sannan ki kashe ta da hannunki?" Na ce ya ba ni zuwa ruwan fari. Kafin watan Agusta ta rufe inda take da, har ta ɗara. Rassan da aka sare kuma a kwashe su nan take a kai murhu, kada su kwana a tsakar gida, don busasshiyar ƙaya ta fi ɗanya mugunta, kuma ban manta da gatarin Inna ba.

Fure yana zuwa ƙarshen damina, ƙanana masu ruwan ɗorawa. Gara in gaya miki tun yanzu, ba ƙamshi gare su ba, kuma ƙudaje da zuma za su yi ta zarya. Kada ki fesa musu komai, su ne masu ɗaura auren furen. In akwai wata magaryar a kusa, ko ta daji ce a bayan gari, 'ya'yan sun fi kamawa. Daga nan a riƙa ba ta ruwa daidai wa daida, kada a bar ta da ƙishi sati biyu sannan a malala mata, yin haka yana sa 'ya'yan su zube ko su tsage. Wajen Nuwamba zuwa Janairu ake ci. A tsinke su in sun juya daga kore zuwa ruwan ɗorawa, lokacin ne suke ƙaras-ƙaras, in suka yi ja sun yi laushi kuma daɗin ya ragu.

Babban abokin gaba wani ɗan ƙuda ne da ke huda ɗan itacen ya saka ƙwai, ki gatsa ki tarar da tsutsa. Maganinsa na farko tsintsiya ce. Duk wanda ya faɗo ƙasa a tsince shi a ranar, a zuba wa awaki ko a binne da zurfi, don a cikin ƙasa tsutsar take rikiɗa ta dawo ƙuda. Tsuntsaye da jemagu kuma tsohon gidan sauro na rufa mata, da yake askin da ake yi mata bai bari ta yi tsawon da ya fi ƙarfina ba. 'Ya'yan maƙwabta masu jifa ta kan katanga kam ban samo maganinsu ba, sai dai in riga su, in aika musu da kwano tun kafin su ɗauki dutse.

Ba ta ajiyuwa, kwana uku zuwa biyar ta fara yamushewa, don haka kaɗan-kaɗan ake tsinka. Ni ba na ɗora wa yarinya talla. A cikin gida ake zuwa saye, don abin da ba a saba gani ba shi yake tallan kansa, kuma kuɗin da ke shigowa a watannin nan uku da shi nake zubin adashina ba tare da na miƙa hannu ba. A nan zan ba ki shawarar da ba a kan gaya wa amare. Kafin ki haƙa ramin nan, ku yi magana da maigida a fili, in gidan gandu ne har da iyayensa, a san 'ya'yan itacen na wa ne. Tana ƙaramar leda ba mai kallonta, ranar da ta fara kawo kuɗi kuwa za ki ji an tuna cewa ƙasar gidan ta kakan wane ce. Kuma bishiya ba akwati ba ce, in zama ya ƙare, Allah ya kiyaye, ba a ɗora ta a mota. Na san wadda ta fita ta bar mangwaro uku da ta rena da ruwan tulunta.

Wannan ne ya sa na nace sai da na koyi auren da hannuna, wajen wani dattijo mai lambu da maigida ya kawo har gida. Ba wani sirri ba ne. A sami magaryar daji mai lafiya, ko a bayan gida ko a gonar gado, a sare ta daidai gwiwa da bazara. In ruwa ya sauka za ta yi toho da yawa, a zaɓi biyu ko uku masu kaurin fensir a cire sauran. Sai a je jikin mai daɗin, a yanko ido ɗaya da 'yar fatarsa kamar girman farce, a cire fata daidai wannan girman a jikin tohon dajin, a manna, a naɗe da zaren leda a bar idon a waje yana leƙe. Bayan sati biyu zuwa uku, in idon yana nan kore ya kama, sai a datse tohon daga samansa. Da yake saiwar tsohuwa ce, wani lokacin a shekarar ma sai a ɗanɗana. Da haka aka gyara ta 'yar ƙanwata, a kan uwar ƙayar nan da ta so a tone. Cikin ido biyar da na manna mata uku sun kama.

Ganyen kuma ba a zubarwa. Kafin ta fara kaɗe shi da bazara nakan tsiga in shanya a inuwa, don in aka yi rasuwa a unguwa gidanmu ake aiko yaro, ba sai an tafi daji da rana tsaka ba. Inna ce take daka shi da kanta ta ƙulla a leda. Bara na ga ta ware ƙulli ɗaya ta sa a ƙasan adakarta, wajen da take ajiye farin yadinta. Na ce, "Inna, wannan fa?" Ta ce, "Nawa ne. Ki tabbata da shi aka yi, kada a je a tsigo mini na bakin hanya."